Sunan da Na Tsallake

Rafin da ya bi ta bayan gidanmu yanzu kwata ake ce masa. Jikokina ba su san shi da wani suna ba, in kuwa na ce musu na sha ruwansa da tafin hannuna sai su yamutsa fuska, ƙaramarsu ta ce, “Kai Alhaji, shi ya sa kake tari.” Kwanakin baya ma'aikata suka zo suka zuba masa siminti hagu da dama, suka rufe wani sashe da kankare, kan ka ce me mai cajin waya da mai sayar da mai a kwalba sun kafa rumfa a kai. Ina tsaye ina kallo har suka gama. Ban yi baƙin ciki sosai ba, don warin ya ishe mu. Abin da na ji ya fi kama da abin da mutum ke ji in an ɗauke masa littafi tun bai gane abin da ya karanta ba.

A zamanin da nake magana, tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni gonaki ne da lambuna, gidajen tsilla-tsilla. Da asuba ba ƙarar janareto ke tashin mutum ba, kukan kwaɗi ne ke lafawa sannan taɓarya ta karɓa, daga wannan gida zuwa wancan, har kana iya gane matar da ke daka daga yadda take sauke hannu. Da damina gero yakan rufe hanya, sai ka ji muryar mutum kafin ka gan shi. Aikin yara sananne ne: jan ruwa a rijiya, yankan ciyawar rago, kai niƙa, korar tsuntsu a gona da gwangwani mai tsakuwa. Ni ban cika yin ko ɗaya ba. Yaro ne ni mai shiru, ko farashin ƙosai kunyar tambaya nake ji, in an neme ni a same ni a soro da littafi, na boko da safe, na zaure da yamma. Takarduna a jere, fensirina a feƙe, ba na son a naɗe mini kusurwar shafi. Kakata, wadda muke kira Inna, takan leƙo ta ce, “Maigidan nawa, wannan karatu naka ko goro bai taɓa saya mini ba. Miji zan sake.” Sai ta juya ta ƙwala wa Sale kira ya je ya jawo ruwa.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, mahaifiyata ta yi aure a wani gari, Inna ce ta riƙe ni. Sale kuwa daga wani ƙauye a hayin kogi aka kawo shi don ya yi makaranta. Sa'ana ne, amma ya fi ni tsawo, ya fi ni baki, ya fi ni duk wani abu da ake yi da jiki. Ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya, ajinmu ɗaya. In aka tsokane ni shi ke tare mini, in aka ba da lissafi ni ke yi masa. Malam yake ce mini, da irin muryar da ke mai da girmamawa tsiya. Na daɗe ina ɗauka cewa shi ake aika a bar ni saboda ina karatu. Na kuma ɗauka ana ware wuyan ragon layya da fatarsa a ce na mutanen hayi ne saboda Inna mai zumunci ce. Ban taɓa tambaya ba. Yaran yanzu komai sai sun tambaya, har abin da bai kamata ba. Mu kuwa abin da muka tarar, shi muka ɗauka duniya.

Kakan Sale, Baba Dangana, yakan zo da kaka, jakinsa ɗauke da damin dawa. Tsoho ne siriri, mai tsage a kunci irin wanda ban taɓa gani a fuskar kowa a unguwarmu ba. Tun daga bakin soro yake tuɓe takalmi. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, shi kuma ya zauna a ƙasa daf da ita, kamar tabarmar wata baƙuwa ce da ake ba wuri. Su yi ta hira, su tuna matattu, su yi dariya har Inna ta share hawaye da gefen mayafi. Ita tana ce masa Yaya, shi yana ce mata ranki ya daɗe. In na gitta yakan katse magana ya ce, “Sannu, ubangidana.” Na ɗauka irin wasan Inna ne.

Wata damina, muna shekarar ƙarshe kafin a tura mu makarantar gaba, sai ga shi ba jaki ba dami. Ina soro, duk abin da suka faɗa a kunnena. Hanne ce, yayar Sale, za ta yi aure. Saurayin direban babbar mota ne daga wani gari, ita ta zaɓe shi, an kai kaya, an sa rana. Sai wani baffansa ya binciki asali, aka gaya masa ƙauyen nan rinji ne, wato gonar da kakannina suka ajiye bayinsu a da, kuma gidan Baba Dangana ba a taɓa 'yanta su ba. Turawa sun zo sun ce babu sauran bauta, kowa ya ci gaba da nomansa, ba wanda ya nemi komai, ba wanda ya faɗi komai. Baffan ya ce ba zai karɓa wa ɗansa aure ba sai ya ji da kunnensa, daga bakin masu ita, cewa yarinyar 'ya ce, ba baiwa ba.

“Ba zan faɗa ba,” in ji Inna. “Nonon uwarka na sha, Yaya. In na ce na sake ku, me ya rage tsakaninmu? Wa zai tsaya a kan gawata? Ku dangina ne. Ana sakin dangi?”

“Ranki ya daɗe, zuwa ba zan daina ba. Magana ce ta numfashi ɗaya. Yarinyar nan ta daina cin abinci.”

Ana cikin haka Baffa ya iso a kan babur ɗinsa. Ƙanin mahaifina ne, ma'aikacin gwamnati, mai alƙalami a aljihun gaba. Da ya ji zancen sai ransa ya ɓaci. “Haba Baba! Wa ya ce kai bawa ne? Doka ta kashe wannan tun ba a haife ni ba. In na buɗe baki na ce na 'yanta ka, na yarda ke nan ina riƙe da kai. A ji wannan a ofis? Ka je ka gaya musu ku 'ya'ya ne kamar kowa.”

Tsohon ya ce a hankali, “Alhaji, Bature bai saye mu ba. Ta yaya zai sake mu?”

Na zauna da littafi a buɗe ban ga ko harafi ba. Da Inna ta yi magana na ga tana da gaskiya. Da Baffa ya yi, na ga shi ma haka. Da tsohon ya amsa, sai na rasa inda zan ajiye na farkon. A zaure mun karanta babin 'yanta bayi, na haddace shi tsaf, yadda na haddace zakkar raƙuma ni da ko akuya ban mallaka ba. Ban taɓa zaton babin yana kwana a tabarmar da ke kusa da tawa ba.

Na sami Sale a bakin rafi yana jifan ruwa.

“Ka ji ko?” ya ce, bai waiwayo ba.

“Na ji.”

“To ba Inna ce mai maganar ba, ba Baffa ba ne. Da aka raba gadon kakanka, gonar gabas ta faɗa wa Baffa, mu muka faɗa wa babanka. Kai ne, Malam. Kowa a garinmu ya sani, har awaki.”

Na yi dariya, ina jiran ya taya ni. Bai taya ni ba.

“Ranar Juma'a bayan masallaci dangin angon za su zo garinmu su ji. In ba su ji ba sun tafi ke nan. Za ka je, ko sai ka duba littafi?”

Ranar Juma'ar muka fita da sassafe, aka kwana ana ruwa. Ba mu bi titi ba, don duk direban da ya gan mu zai kai wa Baffa labari, kuma gada ta yi nesa da ƙauyen. Sale ya ce rafin nan namu kogi yake zuwa, mu bi shi kawai. Ni ban taɓa tunanin rafin yana zuwa ko'ina ba. Muka bi gefensa ta cikin lambunan albasa da mangwaro, muka wuce inda yanzu tashar mota da manyan shaguna suke, lokacin ba komai sai rake da ƙaiƙayin ciyawa. Laka tana cije mini takalmi, ƙaya tana jan rigata. Ina tafe ina bitar lafazin 'yantawa a zuci, ina gyara shi, ina tsoron in yi kuskure auren mutane ya ɓaci. Sale yana gaba yana yin fito da baki, yana gaya mini sunan kowane tsuntsu. Rafin yana ƙara faɗi, wasu ƙananan suna shigo masa, har muka fara jin wani gurnani a gaba kamar ana niƙa a nesa.

Ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba. Kogi ya kawo, ja wur, yana tafe da itatuwa da kara da wani mataccen ɗan rago. A wancan zamani masu fito da gora suke haye da mutane: babbar gora mai girman randa, ka tuɓe ka ɗaure kayanka a ka, ka kifa cikinka a kanta, ka yi ta tuƙi da hannu. Mai fiton da muka tarar ya san Sale. Ya dube mu, ya dubi ruwan, ya ce, “Yau ko matata ce ke naƙuda a hayi ba zan shiga ba. Ku jira ya sauka zuwa gobe.”

“Gobe ta yi nisa, Kawu,” in ji Sale. Ya yi ta roƙo, ya faɗi abin da ke tafe da mu. Mutumin ya sake dubana, wannan karon ya daɗe, sannan ya turo gora biyu da ƙafa ya miƙa igiya. “Ɗaura shi a ƙugunka. Wannan da gani bai san ruwa ba sai na buta.”

Sale ya ɗaura igiyar a ƙuguna, ya ɗaura ɗayan bakin a nasa, ya ja ya gwada. “Malam, kai da ka san hukuncin ruwa kala-kala, ga ruwa nan, yanke masa hukunci.”

Ba mu haye ba, ɗaukar mu ruwan ya yi. Tun a farko na gane tuƙina ba ya ƙara komai, sai na rungume gorar na rufe ido ina salati. Da na buɗe, mafitar ta ɓace a baya, muna tsakiya, gaɓa tana gudu ta bar mu. Abin mamaki, tsoron ya sake ni. Gorar tana lilo da ni a hankali, rana ta fito, balbelu suna tashi daga kan shanun Fulani, wasu mata masu wanki suka miƙe suna nuna mu suna ihu. Sale ya ɗaga musu hannu ya ce, “Makka za mu! Akwai saƙo?” Na ji wani yana ƙyaƙyata dariya da ƙarfi, ashe ni ne. Ba Inna, ba Baffa, ba malamin da zai ce in tashi in karanta, ba wanda ya san ɗan gidan wa nake. Tun daga ranar na hau jirgin sama, na ga teku, na riƙe ofis mai sunana a ƙofa, amma ban sake jin jikina ya zama nawa kamar a kan gorar nan ba. Kuma ina ɗaure da igiya a lokacin. Wannan ma yana cikin abubuwan da har yau ban warware ba.

A wata kwana ruwan yana juyi. Gorar ta kuɓuce mini, na nutse, na sha, na ga ja, na ga duhu. Sai na ji igiyar ta cije ƙuguna ana fizga ta kamar ana jan rago zuwa kasuwa. Da hankalina ya dawo ina kife a kan yashi a hayi, Sale yana danna mini baya, ina aman kogi. Kayan da na ɗaure a ka sun tafi, riga da hula da takalmi, daga ni sai gajeren wando. Nasa suna nan a kansa, ko jiƙewa sosai ba su yi ba.

“Ni na tsamo ka,” ya ce yana haki. “Ruwa ya ɗauke ka daga hannun Inna, ni na tsince ka. Yanzu kai nawa ne. Ka ji ko?”

“Na ji,” na ce, ina tari.

Muka kwanta rana tana busar da mu. Can ya nuna ƙasa, inda kogin ya miƙe ya shige cikin itatuwa. “Ka san wannan Wudil yake zuwa, daga nan Haɗeja, daga nan Allah kaɗai ya sani. Ga gora ɗaya ta rage. Mu tafi kawai. A can ba wanda ya san wa ya gaji wa. Ni in yi su, kai ka yi wa mutane rubutun sha.”

Wallahi na so in ce to. Bakina ya buɗe. Sai na ce, “Yaya Hanne fa?”

Ya tashi zaune ya fara kwance igiyar. Ta jiƙe ta cije, sai da ya sa haƙori. “Na sani,” ya ce. “Gwada ka nake.” Ban yarda gwada ni yake ba, kuma ban tabbata ba.

Ruwa ya wuce da mu ƙauyen, sai da muka dawo da ƙafa ta cikin gonaki. Ya ba ni wata tsohuwar singiletinsa, ta zo mini har gwiwa. Muka isa an sauko daga masallaci, mutane sun taru a gindin tsamiya: liman, Baba Dangana, da baƙin nan cikin manyan riguna. Wani ya ce ga ɗan ubangidan nan ya iso. Baffan ango ya miƙe da sauri, ya wuce ni ko kallo ban ishe shi ba, ya kama hannun Sale da hannu biyu yana rusunawa. “Sannu da hanya, ranka ya daɗe. An sha wahala. Wannan yaronka ne?”

Sale bai gyara masa ba. Ya miƙe wuya ya ce, “Eh, a kogi na samo shi.” Wasu samari suka tuntsire da dariya, Baba Dangana ya daka masa tsawa, baƙon ya saki hannun kamar ya taɓa garwashi. Ya juyo ya dube ni, ba takalmi, laka har ƙwauri, ya rasa irin gaisuwar da ta dace da ni.

Aka shimfiɗa mini buzu. Duk tsofaffin garin suna ƙasa. Liman ya tambaye ni sunan ubana da na kakana, sannan a gaban jama'a ya ce, “Ka balaga?” Na so ƙasa ta tsage. Na gyaɗa kai. “Da baki, yaro. Shaidu ba sa jin kai.” Na ce eh. Daga bayan zana na ji mata suna ƙunshe dariya, a cikinsu akwai wadda ba ta dariya, na san Yaya Hanne ce, ina ganin yatsun ƙafarta ta ƙasan zanar suna tonon ƙasa.

Lafazin da na yi ta gyarawa a hanya bai yi amfani ba. Liman ya ce in bi bayansa. Sai na fara da cewa waɗannan mutane mallakata ne, na gaje su daga ubana, sannan in ambaci kowa da sunansa in ce na 'yanta shi saboda Allah. Ban san da wannan farkon ba, ko na sani ban taɓa jin nauyinsa a harshe ba. Kafin in sake su sai na kama su tukuna, abin da a rayuwata ban taɓa yi ba. Maganar Baffa ta dawo mini. Na dubi yatsun ƙafar nan a ƙarƙashin zana. Na faɗa.

Liman yana kawo suna ina maimaitawa. Dangana. 'Ya'yansa. Hanne, aka rangaɗa guɗa tun ban rufe baki ba. Sai ya ce, “Sale.”

“Tsallake ni,” in ji Sale.

Kakansa ya ce, “Kai, ɗan nan, ka haukace?”

“Baba, ku ku karɓa, Allah ya sa albarka. Ni ban taɓa zama nasa ba. Kwano ɗaya muke ci, ni ke cinye naman. Ɗazu-ɗazun nan na jawo shi daga ruwa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Shi zai 'yanta ni? Malam, in ka faɗi sunana, ni da kai har abada.”

Liman ya gyara zama. “Ba a neman yardar wanda za a 'yanta. Faɗi abinka, yaro, ya hau kansa ko yana so ko ba ya so. In ka bar shi kuwa, ka bar shi a wuyanka, shi da abin da zai haifa.”

Ga shi dai alheri ne, amma sai na yi masa dole kafin ya same shi, kuma ikon yin dolen shi ne ainihin abin da yake ƙi. In na faɗa na tabbatar shi nawa ne. In na yi shiru, a wurin duk wanda ke gindin tsamiyar nan, ya zauna nawa. Na nemi amsa a cikin duk abin da na haddace, ban samu ba. Na dubi Sale. Shatin igiyar yana nan a ƙuguna yana zafi. Na ce wa liman, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, “A wuce na gaba.”

An ɗaura auren a ranar. Da aka shafa fatiha Baba Dangana ya taso, ya tuɓe hularsa, ya durƙusa a gabana yana kuka, ya ce, “Na gode, ubangidana.” Na ce masa ai yanzu babu wannan. Liman ya ce a'a, akwai: wanda ya 'yanta mutum ya zama kamar danginsa, zumuncin nan ba ya yankewa, ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi. Wato na shiga kogi don in kwance abu, na fito an ce na ƙulla wani.

Inna ba ta dake ni ba da aka mai da ni gida a motar ango. Kuka ta yi, ta ce na raba ta da 'yan'uwanta, ta daɗe ba ta kira ni maigidanta ba. Baffa ya ce na mai da gidanmu abin dariya. Da kaka ta yi sai ga jaki a ƙofa da damin dawa. Tsohon ya tuɓe takalmi a bakin soro, Inna ta shimfiɗa tabarma, ya zauna a ƙasa daf da ita, suka ɗora hira daga inda suka tsaya. Na tsaya ina kallonsu ina tambayar kaina me ya canza. Abu ɗaya na gani: Sale bai dawo ɗakinmu ba. Ya bar makaranta ya koyi gyaran mota a garejin bakin titi, ya yi suna, ya gina gida a Unguwar Gano, ya aurar da 'ya'ya ba wanda ya tambaye shi asali, don garin ya cika da baƙi, kowa ta kansa yake. Ba mu rabu ba. Shi ke gyara mini mota, ni ke cike wa 'ya'yansa takardun makaranta. Maganar tsamiya ce kawai ba mu taɓa tayarwa ba, muna zagaye ta kamar rami a hanya.

Bara sai ga Yaya Hanne ta sauko daga adaidaita a ƙofar gidana, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta ƙi zama a kujera sai da na rantse. Ta ce jikin Sale ya yi tsanani, likitoci sun ce a koma gida. “Alhaji, don Allah ka je ka ƙarasa abin da ka fara. Kada ya je gaban Allah da igiya a wuya. Ko a zuci ne ka faɗa, ba sai ya ji ba.” Na ce mata malamai da yawa yanzu sun ce babu wannan hukunci a kan kowa. Ta ce, “Malaman ba su ne za su kwanta a kabarin ba.”

Na same shi a kan katifa a tsakar ɗaki, ya rame har tsawonsa ya zama abin tausayi. Jikokinsa suna falo suna kallon ƙwallo. Ya buɗe ido ya gan ni.

“Malam. Hanne ce ta turo ka.”

“Dubiya na zo.”

“Ƙarya ba ta yi maka kyau, ba ka iya ba. Leɓenka na gani yana motsi tun daga ƙofa. In ka faɗa a zuci ma zan sani.”

Na zauna a bakin katifar. Na gaya masa gaskiya, cewa tun daga ranar ban san ko daidai na yi ba, kuma in ya rasu ban san da me zan kwana ba, da faɗa ko da rashin faɗa. Sai ya ce, “Ka tuna wa ya tsamo wa?”

“Kai.”

“Na ce kai nawa ne, ka ce ka ji. Ko ba ka ce ba?”

“Na ce.”

“To matso.” Ya ɗora hannunsa a ƙuguna, daidai inda igiyar ta bi. Hannun ba nauyi, kamar kara. “Wannan mutum mallakata ne, a kogi na same shi. Na 'yanta shi saboda Allah. Tashi ka tafi, ka ishe ni da wannan fuskar.”

Yaya Hanne tana tsaye a ƙofa. Ta kama hannun rigata ta ce, “Ka faɗa?” Na ce mata ban faɗa ba, shi ya faɗa mini. Ta dafe kai ta ce, “Inna lillahi. Har yanzu bai daina wasa ba.”

Ya rasu kafin sati ya zagayo. Ban faɗi sunansa ba, ko a wurin wanka, ko a bakin kabari. Yaya Hanne tana gaishe ni, amma ba ta kallon idona. Ni kuma har yau ban san ko wasa yake ba. Abin da na sani, da na fito daga ɗakin nan na ƙi hawa adaidaita, na taho Gyaɗi-Gyaɗi da ƙafa, ina bin gefen kwatar, tsoho da ni, ina kuka ina dariya, masu shaguna suna kallona. Yanzu sun rufe ta da kankare. In an yi ruwa mai ƙarfi nakan tsaya kusa da rumfar mai cajin waya, in ji shi a ƙarƙashin ƙafata yana gurnani, yana tafiya kogi.